Lita guda a mako: yadda muka bi sawun yoyon baƙin mai a wata tsohuwar Camry

Da hantsi ya iso garejin, cikin hunturu, da galan ɗin baƙin mai a kujerar baya kamar fasinja. Dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, yana da gona a wajen Wudil, kimanin kilomita 40 daga Kano, kuma kusan kullum sai ya je ya dawo. Motarsa Toyota Camry ce ƙirar 1999, irin wadda ake yi wa laƙabi da fensir saboda siraran fitilunta. 'Yar Kwatano ya saye ta tun yana aiki, kuma ka gan ta ka san tana hannun mai riƙo: kujeru da rigunansu, ba tsaga a gilashi, ƙofofi suna rufuwa da bugu ɗaya.

Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, an ce sai an sauke giyabos. Kafin in kai buhunan masarata kasuwa in biya, na ce bari in kawo ka duba da idonka."

Na ce, "Malam, ku zauna tukuna. Me take yi muku?"

Abin da take yi shi ne cin baƙin mai. Idan ya cika shi ranar Juma'a har ya kai alamar sama ta geji, wato sandar duba mai, kafin wata Juma'ar ya sauko alamar ƙasa. Tsakanin alamomin nan biyu kusan lita guda ne, a injin da cikinsa duka, har da filta, bai kai lita huɗu ba. Wato duk mako yana asarar sama da rubu'in abin da ke raya injin. Sau biyu fitilar mai ta ƙyafta masa yana shan kwanar hanya, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin fitilar nan ba yawan mai take aunawa ba, ƙarfin turinsa take ji. Kafin ta kawo, ƙarfe ya riga ya soma goga ƙarfe.

Wata takwas ya yi yana yawon gareji. Na farko ya leƙa ƙasa, ya ga kaskon injin, wanda muke kira botom filet, jiƙe sharkaf, ya sauke shi ya sake masa gam. Ba a yi sati ba mai ya dawo. Ya koma, aka sake saukewa, aka lafta gam fiye da na farko. Na biyu ya ce daga sama ne, ya canza gaskit ɗin murfin saman injin. Na uku bai taɓa sifana ba, ya ce injin ya tsufa, a bar siririn mai a koma mai kauri, a riƙa haɗawa da gwangwanin nan mai danƙo kamar zuma. Na huɗu ya ga ɗigo a mahaɗar injin da giyabos, ya yanke hukunci cewa oyil sil ɗin bayan karanshaf ne, wato zoben robar da ke tare mai a ƙarshen babbar sandar da ke juyi a ƙasan injin, wanda ba a kai masa sai an raba giyabos da injin. A wannan motar aikin yini biyu ne, kuɗinsa kuma ba na wasa ba.

Ba na zagin ko ɗaya daga cikinsu. Kowannensu ya ga mai a inda ya nuna, kuma da gaske akwai mai a wurin. Abin da ba wanda ya yi shi ne tambayar ta ina man ya biyo kafin ya iso nan. An bar jaki ana ta dukan taiki.

Tambayoyi kafin sifana

Baƙin mai idan ya ragu a injin, hanyoyi uku ne kawai zai bi: ko ya ƙone tare da fetur ya fita ta salansa, ko ya shiga ruwan lagireto, ko ya zubo waje. Hanyoyi biyun farko ana rufe su cikin minti goma, don haka da su na fara. Na buɗe murfin lagireto injin yana sanyi, ruwa garau, ba maiƙo a samansa. Na juya murfin zuba mai, babu wannan farin kumfa mai kama da kunun gyaɗa da ke nuna ruwa ya gauraya da mai. Na sa yarona ya kwance fulogi huɗun. Bakinsu ruwan ƙasa ne, a bushe, in ban da ɗan baƙi kaɗan a biyu daga ciki. Na zura yatsa a bakin salansa, toka ce busasshiya. Injin da ke ƙona lita guda a mako ba ya ɓuya: za ka ga shuɗin hayaƙi yana bin motar, bayan but ɗin ma sai ya yi maiƙo. Wannan ba ta kai nan ba.

Saura zuba waje. A nan ne Malam ya faɗi maganar da ta fi duk abin da aka gaya mini amfani, kuma ya faɗe ta ne a matsayin ƙorafi. Ya ce abin da ke ɗaure masa kai shi ne tsakar gidansa. Inda yake ajiye motar siminti ne, kuma da safe bai fi ya tarar da ɗigo biyar ko shida ba. "To ina litar take zuwa? Aljanu ke sha?"

Na tambaye shi, idan ya tsaya a gona ko a bakin masallaci ya bar ta a kunne fa? Ya yi shiru, ya ce ai kuwa a nan yakan ga ƙasa ta yi duhu kamar faɗin tafin hannu.

Wannan ya raba mana gardama tun ba mu ɗaga mota ba. Kaskon injin tukunya ce kawai. Da daddare, lokacin da duk man ya gangaro ya kwanta, a lokacin ne ya fi cika. Da shi ko kusar juye shi ke yoyo, da safe ne za a ga tabki. Yoyon da ke tsayawa idan an kashe injin, ya dawo idan an tayar, galibi yana wurin da mai ke bi da ƙarfin famfo. A wannan injin, idan yana juyi 3,000 a minti, turin man yana tsakanin biyu da rabi zuwa biyar a ma'aunin ƙarfin turi da ake kira bar. Ko tsagar da gashi ba zai shiga ba, wannan ƙarfi zai fitar da mai ta cikinta.

Lissafin ma ya hau. A ƙiyasi, ɗigo 20 ke cika mililita guda, lita guda kuwa ɗigo 20,000 ke nan. Idan mota tana ɗiga sau ɗaya duk daƙiƙa biyu, a awa guda ta zubar da ɗigo 1,800, kusan mililita 90. Cikin awa 11 na tafiya lita ta tafi. Mutumin da ke zuwa Wudil ya dawo, ya ɗan zaga gari, awa ɗaya da rabi a rana, a mako guda zai kusan cika awa 11 ɗin. Man Malam yana nan shimfiɗe a kan titin Maiduguri, ɗigo-ɗigo, ba aljanin da ya taɓa shi.

Wanki da hoda

Muka hau da ita kan rami. Abin da na gani a ƙasa shi ne abin da kowa ya gani: daga gefen dama na injin har bayan mota komai baƙi ƙirin. Ƙurar hunturu ta haɗu da mai ta zama taɓo, kaurinsa a wasu wuraren ya kai yatsa. Iskar tafiya tana kwasar man ta watsa shi baya, ya shafe kasko, ya shafe ƙarfen da ke ɗauke da injin, ya hau bututun salansa yana ƙauri. A irin wannan hali duk inda ka ɗora yatsa ka ce nan ne, za ka sami mai shaida.

Amma taɓon ma yana magana idan ka saurara. Inda tsohon mai ya daɗe, baƙi ne mai dusashe, ƙura ta rufe shi. Inda sabon mai ke gudana kullum, yana wanke wa kansa hanya, sai ka ga siririn layi yana sheƙi a tsakiyar daudar. Na ga irin wannan layi biyu. Ɗaya, mai faɗi, yana fitowa daga ƙarƙashin murfin robar tayimin bel, ta ɓangaren tayar gaba ta dama. Ɗayan, siriri, yana saukowa ta can ɗaya ƙarshen, kan giyabos.

Na ce a wanke. Muka bari injin ya huce sarai, muka ɗaure altaneta da koyil da leda, yara suka bi da kalanzir da buroshi, sannan ruwan omo, sannan ruwa zalla. Ba na yarda a wanke injin da fetur a garejina, balle mai zafi. Na taɓa ganin abin da tartsatsi ɗaya ya yi wa wani yaro a hannu, kuma ban manta ba. Wankin ya ci mana fiye da awa guda, bushewa ta ci wata. Wannan shi ne aikin da ba wanda ke son yi, domin ba a biyan kuɗinsa daban, mai mota kuma yana ganin kamar ɓata masa lokaci ake yi. Malam dai ya shimfiɗa darduma a inuwar darbejiya ya ce shi ba ya sauri.

Akwai wani ruwa da ake zubawa cikin mai, a haska da fitila ta musamman sai sawun yoyon ya yi haske. Yana aiki sosai, amma ba kowane shago ke da shi ba. Mu hodar jarirai muke saya a kanti. Muka barbaɗa ta a duk mahaɗa: gefen murfin sama, kewayen filta, bakin sensan mai, leɓen kasko, ƙasan murfin tayimin, mahaɗar giyabos. Injin ya yi fari fat. Muka shimfiɗa kwali a ƙasa, muka bar ta minti ashirin a kashe. Ko ɗigo. Kaskon da aka sauke sau biyu bai da laifi tun asali.

Sai na ce a tayar. A sulo, minti biyar na farko ba abin da ya motsa. Da injin ya ɗumama, man ya saki, na ce wa yaron ya ɗan taka totur ya riƙe. Ba a yi minti biyu ba hodar da ke ƙasan murfin tayimin ta soma duhu, sai ga ɗigo ya taru a leɓen murfin, ya faɗo kan kwali. Na duba agogo: tsakanin ɗigo da ɗigo daƙiƙa biyu zuwa uku. Daga nan man yake bin leɓen kasko ya zagaya, shi ya sa duk wanda ya leƙa sai ya kama kasko.

Layi na biyu ya fi jan rai. Sai da aka yi kusan rabin awa sannan hodar ta jiƙe, kuma ba daga ƙasa ta jiƙe ba. Daga can sama ne, a ƙarshen kan injin. Injinan wannan jerin na da, suna da distiribita, mai raba wa fulogi wuta, a wurin. Daga ƙirar 1997 aka daina sa ta a Camry, aka toshe ramin da wani murfi. Wannan murfin ne ke naso, tare da kusurwar gaskit ɗin murfin sama da ke kusa da shi. Man yana silalowa a hankali ya bi bayan giyabos, ya taru a mahaɗarsa da injin ta ƙasa, ya ɗiga daidai inda oyil sil ɗin baya zai ɗiga da shi ne ya lalace. Na cire ɗan faifan da ke rufe ƙasan mahaɗar, na haska tocila ciki. A bushe, har da ƙura. Na kira Malam ya sauko ramin, na miƙa masa tocilar, domin gani ya kori ji. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Masarata ta tsira ke nan."

Abin da ke bayan murfin

Injin wannan mota shi ne 5S-FE, mai lita 2.2, silinda huɗu, bawul 16. Gangar jikinsa ƙarfe ce, kansa alminiyam. Yana da kamshaf biyu, amma bel ɗin guda ɗaya kawai yake ja, shi kuma ya juya ɗan'uwansa da haƙoran giya a cikin kan injin. Wannan bel ɗin dai shi ke jan famfon ruwa, shi ke jan famfon mai. Don haka a bayan murfin robar nan akwai ƙofofi huɗu da mai zai iya fita: oyil sil ɗin kamshaf a sama, na karanshaf a ƙasa, ɗan ƙaramin sil ɗin sandar famfon mai, da wata siririyar roba mai lanƙwashe-lanƙwashe da ke kwance a cikin kwarmi tsakanin murfin famfon da mazauninsa. Kaurinta bai wuce na taliya ba.

Zan faɗi gaskiya, zuciyata ta tafi kan sil ɗin karanshaf. Shi ne mafi ƙasa, shi ya fi shan juyi, kuma shi na fi canzawa a wasu motocin. Da na bi son raina, da na zare shi na sa sabo na rufe, Malam ya zama ya ziyarci gareji na biyar a banza. Abin da ya hana ni shi ne saurin ɗigon. Sil ɗin karanshaf da na kamshaf ba sa fuskantar cikakken turin famfo, fantsama kawai suke tarewa. Idan sun gaji sukan yi naso ko ɗiga a hankali. Yoyon da ke ƙaruwa nan take da an taka totur ya fi kama da na famfo.

Muka cire tayar dama da robar da ke bayanta, muka kwance bel ɗin altaneta da na fawa sitiyari, muka cire sandar da ke riƙe injin ta sama da ƙarfenta. Murfin sama ya fita. Kewayen kamshaf akwai danshi, amma tsoho ne. Bel ɗin kuwa yana ƙyalli kamar an tsoma shi a kaskon ƙosai. Muka kwance kusar nan mai ba da wuya ta fulin karanshaf, wato faifan da bel ke hawa, muka zare fulin da abin jansa, ba da guduma ba, sannan murfin ƙasa ya fita. Muka goge ko'ina, muka sake hoda, muka mayar da fulin ba murfi, na sa kowa ya naɗe hannun riga ya ja baya, muka tayar na ɗan lokaci.

Ba a yi minti ɗaya ba ta tona kanta. Hodar da ke gefen murfin famfon mai, ta ƙasa, ta yi baƙi, mai ya bullo ya gangara ya bi ta kan mazaunin sil ɗin karanshaf. Wanda ya zo bayan minti biyar zai rantse karanshaf ne.

Da muka kwance murfin famfon, robar ba ta fito a matsayin roba ba. Ta daskare ta zama kamar busasshen kara, ta baje ta yi daidai da kwarminta, na sa tsinken sukundireba na ɗaga sai ta karye gida huɗu. Shekara ashirin da ɗoriya tana dahuwa a mai mai zafi. Ba ta yi laifi ba, wa'adinta ne ya cika. Na ɗora gutsattsarin a tafin hannun Malam, ya jujjuya su ya ce, "Wannan ɗan hakin?" Na ce shi ne, Malam.

A nan muka yi zaman shawara, domin abin da ya kamata a canza ya fi abin da ya lalace yawa. Na gaya masa wahalar isa wurin ita ce tsadar aikin, kayan kansu ba wani abu ba ne. Sil ɗin nan uku tsaran robar da ta mutu ne, rana ɗaya aka haife su, in an bar su nan da 'yan watanni za a sake kwance duk abin da aka kwance yau. Bel ɗin kuwa ba batun zaɓi: robar da ta sha mai takan kumbura ta yi laushi, wata rana haƙoranta su zube. Sauƙin wannan injin shi ne idan bel ya tsinke fistin ba ya kai wa bawul duka, mota ce kawai za ta mutu. Amma mutuwa tsakanin Wudil da Kano da magariba, ga dattijo shi kaɗai, ba ƙaramin abu ba ne. Na juya famfon ruwa da hannu, na girgiza shi, ba wasa ba ƙara, ba alamar tsatsa a ramin numfashinsa. Na ce wannan za mu bar shi, ko da yake da aljihu zai ɗauka da na so a haɗa. Fulin da ke ɗame bel kuwa yana kuka idan an juya, shi ma ya shiga lissafi.

Ni da kaina na je kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa, ban aiki yaro ba. A kan sil da roba akwai na gaske, akwai mai kama da na gaske har kwali, bambancin kuɗinsu kuma bai kai na kwanon abinci biyu ba. Mai arhar yakan taurare cikin shekara guda. Akwai kuma masu ba ka sil ɗin da aka zaro daga injin 'yan gwangwan su ce ai na asali ne. Na asali ne, amma shi ma ya tsufa kamar wanda za a cire.

Haɗawa ba ta da abin mamaki, sai dai wurare uku da ake yin ɓarna. Robar famfon tana son zamewa daga kwarminta lokacin da ake ɗora murfin a tsaye, in ta zame aka ɗaure a kanta ta tsinke, sabon yoyo ya fi na da. Ɗan man shafawa kaɗan ke riƙe ta. Gam ba shi da wuri a nan ko kaɗan. Cikin famfon kuma a jiƙa shi da sabon mai kafin a rufe, don kada ya tashi a bushe yana jan iska. Na uku, ƙaramin fulin bel da ke kan karanshaf yana da wasu haƙora a bayansa waɗanda sensa ke karantawa ta san lokacin ba da wuta; mai gaggawa yakan sa ƙarfe ya banƙaro shi ya karya haƙori ɗaya, mota ta ƙi tashi ko ta riƙa shessheƙa, a shiga neman wata cutar. Sil kuma a shafa wa leɓensa mai, a tura shi daidai wa daida da soket mai faɗinsa, ba a buga shi ta gefe ɗaya. Muka saita alamomin tayimin, muka juya injin da hannu zagaye biyu, alamomi suka dawo wurinsu, sannan muka rufe.

Washegari muka hau sama. Gaskit ɗin murfin da aka canza watannin baya sabo ne, amma an sa shi ba tare da ɗigon gam a kusurwoyin da yake hawa ya sauka ba, kuma a kusurwar ne yake naso. Wannan murfin manyan noti huɗu ne ke riƙe shi, a kan bututun fulogi, da robobi a ƙarƙashinsu. An matse su har robobin sun fashe. Muka sabunta su, muka sa sabon murfi a ramin distiribita.

Ina riƙe da murfin a hannu ne na zaro bawul ɗin PCV na girgiza shi a kunne. Shiru. Lafiyayyensa yana ƙara kamar tsakuwa a gwangwani. Aikinsa shi ne fitar da iskar da ke kuɓucewa ta gefen ringin fistin ta taru a cikin injin, ya mayar da ita a ƙone. Idan ya toshe, iskar tana neman mafita, ta riƙa tura mai ta kowane sil da gaskit mai rauni. Ba shi ya kashe robar famfo ba, wannan tsufa ne. Amma ina kyautata zaton shi ya sa saman injin ke gumi ta ko'ina, kuma da mun bar shi da ya soma cin sababbin sil ɗin da muka sa. Abu ne da bai kai babban yatsa ba, yana nan a fili a saman injin, kuma a cikin gareji huɗu ba wanda ya girgiza shi.

Abu na ƙarshe ni na nema, Malam bai so ba: a sauke kaskon karo na uku. Dalilina fitilar nan da ta ƙyafta, da kuma gam ɗin da na gani ya tsattsafo ta waje kamar an matse man goge baki. Kaskon wannan injin da ma da gam ake zaunar da shi, amma siririn layi ake ja; abin da ya tsattsafo waje, kwatankwacinsa ya tsattsafo ciki. Sai da muka sassauta bututun salansa na gaba kafin ya fito. A rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta muka tarar da zaren gam ja da baƙi sun nannaɗe, sun rufe kusan sulusinta. Muka wanke ta, muka kankare leɓen kaskon har ƙarfe ya fito, muka ja layi ɗaya, muka bar shi ya kwana kafin a zuba mai.

Kan man da za a zuba mun ɗan ja. Littafin motar siririn mai, 5W-30, ya ambata, shi kuma an saba masa da mai kauri, 20W-50, har da ƙarin gwangwanin zuma. Mai kauri ba ya toshe tsaga, rage gudun ɗigon kawai yake yi, da sanyin safiya kuma yakan daɗe kafin ya hau kan kamshaf. Na ce gwangwanin dai a daina shi gaba ɗaya. Saboda shekarun injin da zafin garinmu muka tsaya a tsakiya, aka sa sabuwar filta.

Muka sake wanki, muka sake hoda, na tuƙa ta da kaina har Kura na dawo. Hoda fara tas. Na ba shi kwali na ce ya riƙa shimfiɗawa a ƙasanta, a gida da gona, ya kuma duba geji kowace safiya kafin ya tayar, a wuri mai daidai.

Kwana uku sai ga shi da kwalin a hannu, fuska ba walwala. Ɗigo uku, a ɓangaren dama. Gabana ya faɗi, domin abin da na fara tunawa shi ne robar famfon ta zame. Na dangwali ɗigon na shafa a farar takarda, na ɗaga ta a rana. Ba baƙi ba ne, ba ruwan zuma irin na sabon mai ba ne. Ja-ja ne, kuma ƙamshinsa daban. Man fawa sitiyari ne, wanda a wannan motar irin na giyar otomatik ake zubawa. Famfonsa yana bayan injin ta wannan ɓangaren, tiyon da ke kawo masa mai daga tanki ya taurare, kuma mun motsa famfon lokacin cire bel. Mai yiwuwa ya daɗe yana naso, baƙin mai ya rufa masa asiri. Mai yiwuwa kuma mu muka ƙarasa shi. Tunda ban iya rantsewa ba, na canza tiyon ban karɓi kuɗin aiki ba.

Bayan wata biyu ya kawo ta juye. Geji ya sauka kaɗan ƙasa da alamar sama, abin da bai kai rabin lita ba. Na san inda wannan ke tafiya: idan ta kwana, tashin farko takan yi ɗan tarin shuɗin hayaƙi na daƙiƙa biyu sannan ta washe, alamar robobin wuyan bawul sun gaji, kuma shi ya baƙanta fulogin nan biyu. Na gaya masa aikin kwance kamshaf ne, ya tambaye ni ko zai kashe injin, na ce ba yanzu ba, muddin yana duba geji. Ya ce to a bar su sai bayan kaka. Galan ɗin dai ya sauka daga kujerar baya ya koma but, buhunan taki biyu sun hau wurinsa.